Lambar da Aka Bar wa Obi

Farkon daminar 2001 Hizbullahi ya samu aikin da ya fi kowanne girma tun dawowarsa Lafia. A Jos ya koyi aikin waya, ya yi shekaru yana saka intakom, wato wayar cikin gida, a otal-otal da makarantu. Da aka mayar da Lafia babban birnin jiha sai ya kwaso kayan aikinsa ya dawo gida, yana tsammanin sababbin ofisoshi za su yi ta nemansa. Ba su neme shi yadda ya zata ba, sai ɗan gyara nan, ɗan jan waya can. Ana haka kamfanin Alhaji Baballe ya aiko masa.

Iyayen Alhaji Baballe fatake ne daga Kano, suka zo Lafia suka zauna. Shi kuwa da riɗi da agushi da doya ya yi suna. Babban ofishinsa na kan hanyar Makurdi, gidansa a bayan ofishin, katanga ɗaya ta raba su. Yana da reshe a Keana, yana da wani a Obi. Lokacin wayar hannu ba ta iso ba, duk saƙon da za a kai reshe sai dai a ba direba ko ɗan acaɓa. Shi ya sa Alhaji ya sayi akwatunan intakom uku, ya sa aka kafa masa dogayen ƙarafa masu eriya a garuruwan uku, don ofisoshin su riƙa magana da juna ta iska. An gama kafa ƙarafan ke nan ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ragamar kamfani ta koma hannun ɗansa Abdulhakeem, kuma shi ya kira Hizbullahi ya ƙarasa haɗin.

Abdulhakeem mutum ne mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya saurari Hizbullahi yana juya makullin mota a yatsa.

"Yallaɓai, akwatunan nan uku duk da lambobi iri ɗaya suka zo," in ji Hizbullahi. "Goma sha ɗaya, sha biyu, har sama. In aka haɗa su a haka, wanda ya danna sha biyu a Keana yana neman akanta a Lafia, wayar maigadin Keana ce za ta yi ƙara. Dole a sake wa kowane teburi lamba, kuma kada biyu su yi karo."

"Yaya kake so a yi?"

"Lamba mai gida uku. Gidan farko ya nuna gari. Lafia ɗaya, Obi biyu, Keana uku. Ɗakin Alhaji ɗari, ofishinka ɗari da ɗaya. Akanta da mutanensa daga ɗari da goma, sito daga ɗari da ashirin, a bar giɓi a tsakani saboda ma'aikatan da za a ɗauka nan gaba. Tara kuma ta layin waje ce, ba a ba kowa ita."

Abdulhakeem ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ka ba Keana biyu."

"Obi fa?"

"Obi ka ba ta wata can gefe. Shida ko bakwai. Kada ka sa ta a katin da za a manna a tebura."

Hizbullahi ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya ce in ba a sa ta a kati ba, ai babu wanda zai san yadda zai kira Obi.

"Ni zan sani. Kuma in an ɗaga waya a Obi, lamba ɗaya nake so ta shiga. Tawa. Akwatin zai iya haka?"

"Zai iya. Amma yallaɓai, in manajan Obi yana son akanta, ko sito..."

"Sai ya bi ta kaina." Abdulhakeem ya ajiye makullin. "Ka san Ortese, manajan Obi ɗin? Ya fi shekara ashirin tare da Baba. Ya saba komai ƙanƙantarsa sai ya kai masa. Likita ya ce Baba ya huta. Ka gane ko?"

Hizbullahi ya ce ya gane. Dalilin bai yi masa kama da ƙarya ba. Ya ba Obi shida.

Ranar da ya ja waya ta kan katanga zuwa ɗakin Alhaji, ya tarar da tsohon a jingine da matasai, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Zuwairatu, babbar 'yarsa, wadda ta dawo gida tun rasuwar mijinta, ita ke jinyarsa. Ta matsar da kwalaben magani don a samu wurin ajiye wayar. Hizbullahi ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna masa yadda zai danna da hannun hagu.

Alhaji ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. "Obi... nawa?"

Hizbullahi ya buɗe baki, sai muryar Abdulhakeem ta zo daga bakin ƙofa. Bai ji shigowarsa ba.

"Ba a gama da Obi ba tukuna, Baba."

Zuwairatu ta dubi ƙanenta, ta dubi Hizbullahi.

Zuwa Obi kuwa a babbar motar kamfani ya tafi, tare da direbanta Hammawa, Bafillace wanda danginsa suka zauna wajen Ashige. Motar fayau take, ko buhu ɗaya babu a baya. An yi ruwa da asuba, gonaki sun yi kore shar, kunyoyin doya sun jeru har iya ganin mutum. Amma bayan sun yi nisa da gari suka fara cin karo da mutane a gefen titi. Mata da ƙunshin kaya a ka, wani dattijo yana jan akuya biyu, wata ta naɗe katifa ta ɗaure da igiya. Ba ranar kasuwa ba ce. Duk kudu suka nufa, babu mai ɗaga wa mota hannu.

"Ina za su?" in ji Hizbullahi.

"Binuwai. Mutanen Tibi ne." Hammawa bai ɗauke ido daga hanya ba. "Yayana ma ya kora shanunsa ya yi arewa. Ga ciyawa ko'ina, amma ya ce ba zai kwana da su a nan ba. Tun kisan nan da aka yi ta wajen can, kowa na zargin kowa."

"Kai me ka ji?"

"Ni tuƙi nake yi, Injiniya."

Ortese ya tare su a bakin get da dariya. Ƙaton mutum ne ɗan ƙabilar Tibi, mai furfura, ya ɗaura tawul a wuya. Ya kama hannun Hizbullahi da hannu biyu. Hausarsa irin ta kasuwa ce, ba ruwansa da mace ko namiji a magana.

"Injiniya, sannu da hanya. Tun da aka kafa wannan ƙarfe nake jiran ka. Matana ya ce ƙarfen banza ne, tsuntsu kawai yana zama a kai."

Ya zagaya da shi. Siton dogo ne mai rufin kwano, da ɗan ofis a gefe da gidan manaja a baya. Cikin siton kusan wayam, sai tarin buhuna a kusurwa ɗaya, ma'aikata suna loda su a motar Hammawa.

"Oga ƙarami ya ce a kai duka kaya Lafia," in ji Ortese. "Wai za a gyara rufi." Ya ɗaga kai ya dubi kwanon. "Rufin nan ko ɗigo ba ya yi. Amma no wahala, shi ne Oga."

Hizbullahi ya kafe akwatin a bangon ofis, ya haɗa masa batir saboda ɗaukewar wuta, ya hau ƙarfen ya daidaita eriya har ta fuskanci Lafia. Ya ja wayoyi huɗu: teburin manaja, ma'auni, get, da gida. Ɗari shida da ɗaya zuwa da huɗu. Da ya gama ya danna ɗari da ɗaya, muryar Abdulhakeem ta fito tar kamar yana ɗaki na gaba. Ma'aikata suka taru a taga suna kallo.

Yana ajiye wayar Ortese ya ɗauka. Hammawa ya riga ya gaya masa cewa lambar Alhaji ɗari ce. Ya danna a hankali da babban yatsa, yana murmushi. Wayar ta yi ɗan guntun kuka, tit-tit-tit. Ya sake dannawa. Haka dai.

"Me ya sa yana kuka haka?"

"Ba a buɗe wannan ba tukuna," in ji Hizbullahi, yana naɗe ragowar waya a gwiwar hannu. "Ɗari da ɗaya ce ke shiga."

"Akanta fa?"

"Ita kaɗai ce dai yanzu."

Ortese ya dube shi har sai da Hizbullahi ya sunkuya yana neman abin da bai ɓata ba a cikin jakarsa. Sannan Ortese ya mayar da wayar a hankali.

"To. In ka koma ka gaida Baba. Ka ce Ortese yana nan."

Hembadoon, matar Ortese, ta kawo musu sakwara da miyar agushi a ƙarƙashin mangwaro. Ba ta koma ciki ba, ta tsaya da tulun ruwa a hannu ta tambayi Hammawa me ake cewa a Lafia. Hammawa ya ce magana dai iri-iri. Ta ce ita ta gaya wa maigidan su kai yara Gboko wurin 'yar'uwarta, ya ƙi. Ta ce mai shayin da suke saye wurinsa tun tana amarya, jiya ta gaishe shi ya yi kamar bai ji ba.

"A nan aka haife ni," in ji Ortese, yana gutsurar sakwara. "Kabarin babana yana bayan coci. Kuma wa zai taɓa siton Alhaji Baballe? In akwai wani abu, Baba zai aiko mini."

Hizbullahi ya kasa gama abincinsa.

Da suka koma Lafia ya nemi ganin Abdulhakeem. Sai da ya jira, don akwai baƙi a ciki kuma an rufe ƙofa. Da suka fito bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, ba su kuma yi kama da masu sayar da riɗi ba. Ya shiga ya ba da labarin aikin, sannan ya faɗi abin da ya gani a hanya. Ya ce ko da lambar maigadin Lafia ce a buɗe wa Obi, saboda in wani abu ya taso ofishin yallaɓai na rufe.

"Ofishina ba ya rufuwa," in ji Abdulhakeem. "Injiniya, saura me a aikinka?"

"Saura batiran babban akwati, da manna kati."

"To ka gama. Allah ya yi albarka."

Kwanakin da suka biyo baya garin ya yi wani iri. Ana buɗe kasuwa a makare, a tashi da wuri. Rumfunan masu doya da yawa an lulluɓe su da buhu an ɗaure. A masallacin unguwarsu liman ya yi ta jan hankali a kan jita-jita, ana fitowa kuma a taru gungu-gungu ana ƙus-ƙus. Hizbullahi ya sha tsayawa gaban akwatin Lafia yana duban maɓallansa. Cire takunkumin Obi ba wani aiki ba ne. Amma kamfanin ba nasa ba ne, mai shi kuma ya faɗi abin da yake so.

Ranar da ya kawo batiran, da hantsi, ya tarar da ofis shiru. Maigadi ya ce yallaɓai ya tafi Kano jiya da iyalinsa duka, wai biki. Sakatariya ba ta zo ba, akanta ma haka. Maigadin ya buɗe masa ɗan ɗakin da akwatin yake ya koma get.

Yana cikin kwance dunƙulen waya ya ji ƙarar. Daga ofishin Abdulhakeem take fitowa, ta bayan ƙofar da aka kulle da kwaɗo. Ta yi ta yi har ta katse, ta sake farawa. Ya ɗaga kai ya ga ɗan jan fitilar layin Obi yana ƙiftawa. Ya ci gaba da aikinsa. Ta katse, ta sake farawa. A karo na gaba ya ajiye sukundireba, ya je teburin sakatariya ya jawo kiran zuwa wayarta.

"Oga? Oga Abdulhakeem?"

"Hizbullahi ne."

"Injiniya." Ortese ya sauke numfashi. Babu dariya a muryar. "Tun safe nake kira. Ina Oga?"

"Ya yi tafiya."

A cikin wayar Hizbullahi yana jin kukan jariri da muryoyin mata ƙasa-ƙasa.

"Sun tare hanya ta wajen kasuwa. Ana ƙona gidaje a bayan makaranta, ina ganin hayaƙi daga nan. Mutane sun shigo sito, mata da yara, ba nawa kaɗai ba. Na kulle get. Injiniya, abeg, don Allah, ina so in yi magana da Baba."

"Ka ajiye wayar. Ka ɗan jira, sannan ka danna ɗari."

"Ba ya shiga."

"Zai shiga."

Ya koma gaban akwatin don ya cire takunkumin Obi, sai da ya yi kuskure ya sake daga farko. Da ya gama ya fita da gudu, ya zagaya ta ƙofar gida, ya yi sallama bai jira amsa ba. Kafin ya kai ɗakin Alhaji wayar ta fara ƙara. Zuwairatu ta ɗauka, ta saurara, fuskarta ta sauya. Ta kara wa mahaifinta a kunne ta riƙe masa.

Hizbullahi bai ji abin da Ortese ke faɗa ba. Fuskar tsohon kawai yake gani. Ɓarin da ke motsi ya yamutse, ɗayan yana nan yadda yake. Can Alhaji ya juyo da ido kan Hizbullahi.

"An... kwashe... sito?"

"An kwashe, Alhaji. Tun kwanaki."

"Ya ce ya sha kiran ka bai samu ba," in ji Zuwairatu. Mahaifinta take gaya wa, amma Hizbullahi take kallo.

"Haka aka ce in saita shi, Hajiya."

Alhaji ya rufe ido. Ya buɗe. Ya buga katifa da hannun hagu. "Hammawa. Babbar... mota."

Zuwairatu ta gwada layin waje don ta nemi taimako, ta tarar ya mutu tun ruwan jiya. Aka kirawo Hammawa daga gareji. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ji bayani, ya shafa haɓa.

"Hajiya, in suka tare ni, in ce musu me?"

"Ka ce ragowar kayan Alhaji Baballe za ka kwaso. Ka ɗauki tamfol da buhunan wofi. In kana tsoro ka faɗa, ba wanda zai ga laifinka."

"Ina tsoro," in ji Hammawa. Ya juya ya tafi, jim kaɗan suka ji tashin motar.

Hizbullahi ya koma teburin sakatariya ya kira ɗari shida da ɗaya. Ya ce wa Ortese mota ta taso, kada ya ajiye waya. An ɗauke wuta a Obi, batir kaɗai ke riƙe da akwatin, bai san iya inda zai kai ba. Ortese ya riƙa magana jefi-jefi. Ya ba shi labarin yadda Alhaji ya ɗauke shi aiki yana saurayi mai ɗinkin buhu. Ya ce riɗin bana zai yi kyau in aka bar mutane suka yi noma. Wani lokaci ya je taga ya dawo. Ya ce wasu samari sun zo sun tsaya a tsallaken titi, ba su yi komai ba, suna kallon get kawai. Ya ce ya san iyayen biyu daga cikinsu.

Aka kira azahar a masallacin kusa da ofis, Hizbullahi bai tashi ba. Kunnensa ya yi zafi, ya mayar da wayar ɗaya kunnen.

Sai ya ji hon, can nesa a cikin wayar, sau biyu.

"Ya iso," in ji Ortese. Bai kashe ba, a kan teburi ya ajiye ta.

Daga nan sai sauti kawai. Ƙarar get, gurnanin inji, takun ƙafafu da yawa. Wata mata tana kiran sunan yaro. Muryar Ortese yana ba da umarni da Tibi, sannan da Hausa: a kwanta, a ja tamfol. Injin ya ƙara ƙarfi, ya yi nisa. Aka yi wata hayaniya da Hizbullahi ya kasa rarrabewa. Sannan shiru mai tsawo.

Ta cikin wayar ya ji an turo ƙofar ofishin Obi. Takalma, kujera ta faɗi. Wani ya ɗauki wayar, yana jin numfashinsa.

"Wa ke nan?"

Ba Ortese ba ne.

"Lafia ne?" Muryar ba ta da fushi ko kaɗan, kamar mai ba da saƙon kasuwa. "Ka gaya wa yallaɓai ba a taɓa gininsa ba, yadda aka yi magana. Amma motar nan da ya aiko ba ta cikin maganar."

Aka ajiye.

Bayan la'asar motar ta shigo, gilashin gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Da aka yaye tamfol mutane suka fara saukowa, jikinsu duk ƙurar riɗi, ba mai magana. Zuwairatu ta buɗe musu tsakar gida da siton Lafia. Hembadoon ta sauko da yaranta, ta tsaya tana duban hanyar da suka fito.

Hammawa ya zauna a kan taya ya sha ruwa kafin ya iya bayani. Ya ce samarin sun matso lokacin da ake lodi. Ortese ya fita ya tsaya a gabansu yana kiran sunayen iyayensu, ya yi wa Hammawa alama da hannu ya wuce. Ya ce zai biyo su a babur ta hanyar gona. A madubi Hammawa ya hango shi yana tsaye, tawul a wuya, suna kewaye da shi. Daga nan kwana ta raba su.

Ortese bai iso ran nan ba, bai iso washegari ba. Da hanya ta ɗan lafa aka kai Hembadoon da yara Gboko. Wani ya ce ya ga mai kama da shi a sansanin 'yan gudun hijira a hanyar Makurdi. Hizbullahi da Hammawa suka je, suka bi rumfa-rumfa suna tambaya, suka leƙa asibitoci. Mutane da yawa sun san shi. Babu wanda ya gan shi bayan ranar.

Zuwairatu kaɗai Hizbullahi ya gaya wa abin da muryar nan ta ce. A zaure ya same ta, ta saurara har ƙarshe tana murza bakin mayafinta.

"Ka gaya wa wani?"

"A'a, Hajiya."

"Kada ka gaya wa Baba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sauran ka bar mini. Kuma ka riƙa kula da kanka, Malam Hizbullahi."

Abin da ta yi da maganar bai sani ba. Ya dai lura tun daga lokacin ba ta ƙara cin abin da aka aiko daga sashen ƙanenta ba, kuma ita ke kwana a ƙofar ɗakin mahaifinsu.

Abdulhakeem ya dawo bayan an kwantar da tarzomar. Ya yi jaje, ya aika wa Hembadoon buhunan abinci. Sannan ya kira Hizbullahi ofis, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi.

"An ce kai ka buɗe layin."

"Ni ne, yallaɓai."

"Ka kyauta. An ceci rayuka." Ya tura masa kofin. "An ce ka daɗe a kan wayar. Har bayan motar ta taso."

"Batirin can ya mutu. Ban ji komai ba bayan hon."

"Akwatin nan yana riƙe magana? Irin a dawo a saurara?"

"Ba ya riƙewa."

Abdulhakeem ya dube shi da murmushi, ya daɗe bai ɗauke ido ba. "Madalla. Har yanzu kana gidan nan na bayan makarantar firamare ko? Mai shuɗin get. Na ga yaranka ranar nan, sun girma." Ya miƙe. "Za mu rufe Obi. Ka je ka sauko mini da eriya da akwatin."

Hizbullahi ya bar lemon bai sha ba.

Shi da Hammawa suka koma Obi a ƙaramar mota. Layin gidajen da ke bayan makaranta babu rufi ko ɗaya, bangaye sun yi baƙi, ciyawa ta fara fitowa a cikin ɗakuna. Siton kuwa yana nan lafiya lau, ko taga ba a fasa ba. A ofis kujerar tana kwance inda ta faɗi. Ya kwance akwatin daga bango, ya naɗe wayoyin, ya kai mota. Sannan ya ɗaura igiya a ƙugu ya hau ƙarfen.

Daga sama ana ganin nesa. Gonakin doya sun cika da ciyawa, ba wanda ya yi musu noma na biyu. A wata gona can bayan coci ya hango mutane huɗu ko biyar sun ja doguwar igiya suna awon gonar don rabawa, ɗaya yana tafe yana kafa turaku. Ya tsaya yana kallon su, sufana a hannu.

"Malam," aka kira daga ƙasa.

Wani mutum ne tsaye a gindin ƙarfen, da hula da carbi, ya dafa ƙarfen da hannu ɗaya. Hammawa yana cikin mota ya rufe gilashi.

"Sannu da aiki. Gidan manajan nan na baya, kamfani zai sayar ne ko haya zai bayar?"

Hizbullahi ya san muryar. Ita ce ya ji a waya ranar tarzomar. Ya riƙe ƙarfen da kyau, ya ce shi bai sani ba, sai dai a tambaya a Lafia.

"To, zan tambayi yallaɓai," in ji mutumin. Bai tafi ba. Ya ɗaga kai yana kare rana da tafin hannu. "Kai ne mai wayar ko? Ka sauko a hankali, ƙarfen da santsi."